Garwa zuwa Yawunde: ta sama ko ta ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta je ganin likita a Yawunde, mu kuwa muna Garwa. An ce jirgin sama awa ɗaya da rabi ne kacal, amma kuɗin tikiti ya yi mini nauyi. In daure in biya, ko mu bi ta Ngawundere? Daga wata 'yar kasuwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya aka gaya miki. Daga filin jirgin Garwa zuwa na Nsimalen, wato filin jirgin Yawunde, wajen kilomita 650 ne a miƙe, jirgi kuma yakan cinye su cikin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Sai dai wannan lissafin daga tashi ne zuwa sauka. Sai kun je fili da kamar awa biyu kafin tashi saboda awon kaya, in kun sauka ku jira jaka, ga shi Nsimalen ɗin a bayan gari yake, fiye da kilomita 20 kudu da Yawunde, ga cunkoson motoci. Ki ƙaddara rabin yini ne.

Ta ƙasa kuwa, mota za ku shiga kusan kilomita 280 zuwa Ngawundere, har da hawan dutsen nan mai kwana-kwana kafin a kai gari. Daga nan jirgin ƙasa na Camrail, fiye da kilomita 600, a kwana a hanya sai washegari. Ga mai lafiya da zai sari kaya, wannan ita ce hanya. Ga dattijuwa mai jinya, ni dai raina bai kwanta ba. In aljihu ba zai ɗauki zuwa da dawowa ba, ku tafi ta sama, ku dawo ta jirgin ƙasa a ɗaki mai gado in likita ya yarda. Kuma don Allah ku isa kwana ɗaya kafin ranar ganin likita, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo kan hana jirgi sauka a arewa.

Tambaya: Zan tafi umara daga Injamena. An ce Jidda awa huɗu ce, amma tikitina ya nuna fiye da awa goma. Kuskure ne? Daga wani malami a Kusiri.

Amsa: Ba kuskure ba ne, Malam, Allah ya karɓi ibada. Tsakanin biranen wajen kilomita 2,800 ne, awa huɗun kuma na jirgin da ba ya yada zango ne. Agogon Saudiyya ya riga na Chadi da awa biyu, tikiti kuma da agogon garin da za a sauka yake rubuta lokacin isa. Ragowar tana wajen canjin jirgi, a Addis Ababa ko Alƙahira. Ka duba awa nawa za ka zauna a can, ka kuma sa haraminka a jakar hannu, don jirgi kan wuce miƙati tun kafin ya sauka Jidda.