Me ake nema a sama da har sai an aika mutum?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Jos. Musu ya kaure mana a ɗakin malamai bayan mun ji cewa Amurka da China kowacce na shirin saukar da mutane a duniyar wata. Wasu suka ce ɓarnar kuɗi ce alhali mutane na kwana da yunwa, wasu suka ce ƙasar da ba ta shiga ba an bar ta a baya. Wata ɗaliba kuma ta tambaye ni a aji: in na'ura za ta iya zuwa, don me ake jefa ran mutum cikin hatsari? Ban gamsu da amsar da na ba ta ba. Mene ne amfanin aika mutum sararin samaniya, ina aka dosa, kuma ya dace Najeriya ta zuba kuɗinta a ciki?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira, ya kuma albarkaci ɗalibar nan, don tambayarta ita ce gindin maganar.

Abin da ke rikita irin wannan musu shi ne ana cakuɗa abubuwa biyu. Akwai aikin sararin samaniya, akwai kuma aika mutum can. Hasashen damina da manomi ke jira, taswirar da ke nuna wa direba hanya a wayarsa, tashoshin talabijin da ake kamawa da faranti, hoton da ke nuna inda ambaliya ta mamaye, duk taurarin ɗan Adam ne ke yin su, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu. Saboda haka in ka ji wani yana kare aika 'yan sama jannati da lissafa waɗannan alherai, tambaya daban yake amsawa. Amfanin tauraron ɗan Adam ba abin musu ba ne. Inda masana kansu suka rabu shi ne kan mutumin.

Tun farko ma ba kimiyya ce ta kai mutum sama ba, siyasa ce. Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a 1957, sannan ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya zagaya duniya sau ɗaya cikin minti 108. Amurka ta ji kunya a idon duniya, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Bayan makonni kaɗan shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya yi alkawarin kai mutum wata kafin shekarun 1960 su ƙare. Mu ma an yi da mu a gefe, don a Kano aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbon Mercury na Amurka yana wucewa ta samanmu. A tsakiyar shekarun nan hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta kai ga cin kusan kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka. An sauka a wata a Yulin 1969, mutum 12 suka taka shi, a Disambar 1972 aka rufe babin. Da aka ci gasar, sai masu ba da kuɗi suka janye hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ake nema a lokacin.

Maganar yunwa da abokan aikinka suka kawo ita ma tsohuwa ce. Ana gobe za a harba Apollo 11, kumbon da ya fara kai mutum ya sauka a wata, Ralph Abernathy, jagoran fafutukar baƙaƙen fata, ya zo bakin filin da talakawa da kekunan alfadarai yana tambayar yadda ƙasa za ta tafi wata alhali 'ya'yanta ba su ƙoshi ba. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Sai dai a yau kasafin NASA bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gwamnatin Amurka ba, kuma babu wata alama da ke nuna cewa in an soke shi kuɗin zai faɗa tukunyar talaka. Ga ƙasa irin tamu lissafin daban ne, zan zo kansa.

To, me mutum ke yi wanda na'ura ba ta yi? Sauri da hukunci. 'Yan Apollo sun dawo da duwatsu da ƙasar wata kilo 382, yayin da na'urorin Luna uku na Sobiyet suka kawo kimanin giram 300 gaba ɗaya. A tafiyar Apollo 17, mutum biyu sun yi kusan kilomita 35 da motarsu cikin kwana uku. Motar Opportunity da ake sarrafawa daga nan ta shafe fiye da shekara 14 a duniyar Mars amma kilomita 45 kawai ta yi. Ɗaya daga cikin mutanen biyu na Apollo 17, Harrison Schmitt, masanin duwatsu ne. Yana tafiya a bakin wani rami idonsa ya faɗa kan ƙasa mai launin ruwan goro a tsakiyar toka, ya tsaya, ya tona, ya ɗiba. Da aka bincika sai aka ga ƙananan ƙwayoyin gilashi ne da aman wuta ya watso tun zamani mai nisa. Babu wanda ya rubuta masa cewa ya nemi wannan ƙasa, ido ne da ilimi suka haɗu a wuri ɗaya. Haka nan madubin hangen nesa na Hubble: an harba shi a 1990 da aibi a madubinsa, hotuna suna fitowa dishi-dishi, sai a 1993 'yan sama jannati suka je da hannu suka gyara.

Amma mutum yana da tsada ƙwarai. Sai an ɗauki iskarsa, ruwansa, abincinsa, an kare shi daga zafi da sanyi, kuma dole a dawo da shi. Na'ura ba ta neman ko ɗaya. Kumbon Voyager guda biyu sun bar duniya a 1977, sun wuce inda babu mai rai da zai kai, ba kuma wanda zai yi zaman makokinsu. Mutum kuwa an yi: bakwai a kumbon Challenger a 1986, bakwai a kumbon Columbia a 2003, uku a kumbon Soyuz 11 a 1971, uku a gobarar Apollo 1 tun a ƙasa. Ga yadda nake auna abin: in awa kake ƙirgawa, mutum ya fi, in kuɗi kake ƙirgawa, na'ura ta fi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce maka binciken kimiyya kaɗai ya isa hujjar kashe abin da ake kashewa a kan 'yan sama jannati, bai yi lissafin da kyau ba.

Akwai dai ilimi guda da ba a samunsa sai da mutum, wato ilimin yadda jikin mutum ke rayuwa a wajen duniya. Tun Nuwamban 2000 ba a taɓa rasa mutane a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ba, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a samanmu. Can aka gane cewa in babu nauyi, ƙashin ƙugu da na baya na zaizayewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye a kowane wata, tsoka na saki, ruwan jiki na taruwa a kai har ya taɓa gani. Shi ya sa kowa ke motsa jiki wajen awa biyu kullum, ɗaure da igiyoyi don kada ya tashi daga kan injin gudu. Ruwa kuwa ba a zubar da shi: gumi, numfashi, har fitsari ana tacewa a mayar ruwan sha, kuma a 2023 NASA ta ce ta kai ga dawo da kashi 98 cikin ɗari. Har ibada sai da aka zauna a kanta. Tashar na zagaya duniya cikin kusan minti 90, rana na fitowa sau 16 a yini. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi a 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa suka fitar masa da jagora: ya bi lokutan sallar wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Wannan ilimi na da amfani ga likitocin ƙashi da masu tace ruwa a nan ƙasa, amma babban amfaninsa ga wanda ke son ya ci gaba da tafiya ne. Wato muna aika mutum don mu koyi yadda ake aika mutum. Wanda ya yarda cewa ɗan Adam zai yi nisa wata rana, wannan hujja ce gare shi. Wanda bai yarda ba, ba za ta gamsar da shi ba, kuma ya kamata a faɗi haka a fili.

Inda aka dosa yanzu wata ne. Ana shirin sauke tsohuwar tashar wajen 2030, China na da tata mai suna Tiangong, kuma tun 2020 kamfanin SpaceX ke jigilar 'yan sama jannatin NASA. Shirin Artemis na Amurka da shirin China, wadda ta ce kafin 2030 za ta sauke mutanenta, duk idonsu na kan kudancin wata. Akwai ramuka a can da rana ba ta taɓa leƙawa, kuma an ga alamun ƙanƙara a cikinsu. Ƙanƙara ruwan sha ce, in aka raba ta kuma ta ba da iskar shaƙa da man roka. Ni wannan buri na ga hankali a cikinsa, don tafiyar kwana uku ce, in abu ya lalace ana iya dawowa.

Mars kuwa wata magana ce. Tafiyar kan ɗauki wata shida zuwa tara, ƙofar tashi na buɗewa ne sau ɗaya cikin kusan wata 26, saƙo na iya yin minti 20 kafin ya isa, ga radiyeshin mai ratsa jiki duk tsawon hanya. Ina fatan wata rana masana su je su yi bincike su dawo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zancen da Elon Musk da ire-irensa ke yi na gina birni a can don ya zama mafaka in duniya ta lalace. Iskar Mars ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba, ba kuma ta shaƙuwa, sanyinta a matsakaici ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Tsakiyar Sahara ta fi ta sauƙin zama sau dubu. Ina jin tsoron irin wannan zance, don yana sa mutane su ɗauka akwai wani gida na biyu da ke jiranmu.

Abin da ya fi shafar mu a tseren wata shi ne doka. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 kan sararin samaniya ta hana kowace ƙasa mallakar wata, amma ba ta fayyace hukuncin abin da aka haƙo daga cikinsa ba. A 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta ikon mallakar abin da suka haƙo. Kai da kake Jos ba sai an yi maka dogon bayani ba: ka san kududdufan da haƙar kuza ta bari, ka san inda arzikin ya tafi, ka kuma san cewa masu ƙasar ba sa wurin lokacin da aka rubuta ƙa'idar. Najeriya da Ruwanda su ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan ƙa'idojin aiki a wata da sararin samaniya, a Disambar 2022. Sa hannu ba zai wadatar ba sai muna da lauyoyi da masana da za su zauna a teburin su fahimci abin da ake rubutawa. Wannan bai buƙatar roka.

Game da zuba kuɗinmu a aika mutum, amsata ita ce a'a, ba yanzu ba. An kafa hukumar sararin samaniyar Najeriya, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. NigComSat-1 ya tashi a 2007 ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. A shekarar ce kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. Taurari suna tsufa, kuma NigeriaSat-2 shekara bakwai aka tsara masa. Ƙasar da ta ga ambaliyar 2012 da ta 2022, ta ga yadda ruwan dam ɗin Alau ya shanye Maiduguri a 2024, ga hamada na matsowa, ga dazukan da ba a san abin da ke cikinsu ba, buƙatarta ta farko ido ne a sama da kuma mutanen da za su karanta abin da idon ya gani su kai wa gwamna da manomi a kan lokaci. Dubi Indiya. Ta harba tauraronta na farko a 1975, ta shafe shekaru tana gina na sadarwa da na yanayi kafin ta fara shirin aika mutum da kumbonta. Guguwar da ta afka wa jihar Odisha a 1999 ta kashe kusan mutum 10,000. Da wata mai ƙarfi ta zo a 2013, an hango ta, an kwashe jama'a, waɗanda suka rasu ba su kai ɗari ba.

Ka iya jin labarin yarjejeniyar da aka sanar a Abuja a 2024 ta sama wa ɗan Najeriya kujera a kumbon kamfanin Blue Origin. Irin wannan tafiya minti 11 ce ko ƙasa da haka: a haura kilomita 100, a ji rashin nauyi na ɗan lokaci, a sauko. In ba daga aljihun gwamnati za a biya ba, ba ni da ja, don yaro ya ga irinsa a can abu ne mai ɗaga zuciya, kuma na san darajar hakan a aji. Amma kada a kira shi shirin sararin samaniya, don ba ya bar wa ƙasa injiniya ko ɗaya.

Cibiyar hukumar NASRDA mai kula da nazarin hotunan tauraron ɗan Adam tana nan Jos kusa da ku. Ku sa shugaban makaranta ya rubuta takardar neman izinin kai ɗalibai ziyara. Hotunan taurarin Landsat na Amurka kuma, waɗanda ake ɗauka tun 1972, kyauta ake sauke su a intanet. Ka samo na Jos da kewaye na shekarun 1980 da na bana, ka ba aji su auna yadda gari ya faɗaɗa, inda gonaki suka koma gidaje, da kududdufan da suka ƙafe ko suka ƙaru.