Ma'aikata nawa sashen wuraren shaƙatawa na ƙaramin gari yake buƙata?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana sanin makamar aiki a ofishin wani gari mai mutum 15,000 a nan Amurka, an ɗora maka rubuta yawan ma'aikatan da sashen wuraren shaƙatawa da wasanni yake buƙata. Shekara 14 na yi a irin wannan sashe a jihar Ohayo, daga kan injin yankan ciyawa na fara har na kai ga raba wa mutane aiki, don haka bari in tofa albarkacin bakina.

Kada ka fara da ƙirga kawuna, awa ake ƙirgawa. Cikakken ma'aikaci awa 40 yake yi a mako, wato 2,080 a shekara, kuma da wannan mudu ake auna kowa har 'yan wucin gadi. Ƙungiyar NRPA, wadda ke tattara alƙaluman irin waɗannan sassa, takan nuna kusan ma'aikata 9 ga kowane mutum 10,000. A garinku 13 ko 14 ke nan. Sa shi a takardarka, 'yan majalisar gari na son ganin lamba, amma kada ka jingina da shi. Garin da ke da wurin ninkaya da wanda ba shi da shi ba ɗaya ba ne, ko da yawan jama'arsu ya zo daidai.

Wurin ninkayar nan shi ne ciwon kai. Ana buɗewa ƙarshen Mayu, a rufe Litinin ta farko a Satumba, masu ceto kuwa yawancinsu ɗalibai ne, tunda Red Cross na ba da takardar shaidar aikin ceto tun daga shekara 15, kuma shekara 2 take yi ta ƙare. Tsakiyar Agusta sai makarantu su fara komawa. Wata shekara na tsaya da kaina a bakin ƙofa, rana na dukan ƙeya, ina ba iyaye haƙuri, yara sanye da kayan iyo suna leƙe ta shingen waya, ruwa ga shi nan tas amma masu ceto biyu kaɗai suka rage mana. Dole muka sa kwaɗo. Tun daga nan, a Fabrairu nake fara neman su, gari ya biya musu kuɗin horo, kuma nakan ɗauki fiye da abin da jadawali ya nuna. Wani zai yi tafiya, wani zai samu kantin da ya fi mu biya.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne gyara da tsafta. Za a samu tallafi a gina sabon fili, a yanka kyalle, a yi hotuna, ba wanda ya tambayi wa zai yanke ciyawarsa duk mako daga Afrilu zuwa Oktoba. An yi mana haka sau biyu, ko lebura ɗaya ba a ƙara ba. Shawarata, ka bi ma'aikatan ran Litinin da ƙarfe 6 na safe bayan wasannin ƙarshen mako, da agogo a hannunka. Kwashe shara, wanke banɗaki, ja layin fili, ɗaure ƙusar lilo, rubuta mintin kowanne. Wannan lissafi ya fi duk wani rahoto ƙarfi a gaban masu kasafi.

Sai takardun shaida. Kana buƙatar mai shaidar duba kayan wasan yara, mai kula da sinadarin ruwan ninkaya, da mai lasisin fesa maganin ciyawa daga jiha. A ƙaramin gari sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da duka ukun, ran da ya yi ritaya ko ya kwanta ciwo sai aiki ya tsaya cak. Ka rubuta a horar da na biyu.

Ban ji ka ambaci hunturu ba. Tambayi shugabanka ko ku ne ke share dusar ƙanƙara a hanyoyin ƙafa da wuraren ajiye motoci, ko sashen ayyuka ne. In ku ne, lissafin ya canza, turo min yawan filayen da faɗinsu mu duba tare.