Tsohon jirgin fatsa ɗan Amurka: me zan duba kafin in biya?

Wani ɗan kasuwa mai harkar busasshen kifi a Mile 12, Legas, ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Wani dillali ya kai ni jeti ya nuna min jirgin ruwa na faiba, irin wanda masu kuɗi ke fita kamun kifin nishaɗi da shi, ƙirar Amurka, ƙafa 31, injin dizal biyu a cikinsa. An ce na shekarun 1980 ne, mai shi ya bar ƙasar, jirgin ya kwana biyu a ajiye. Kuɗin ma bai kai na Hilux ta hannu ba. Ina so in saya in riƙa ba da haya Asabar da Lahadi, in bai karɓu ba in kai shi gida Yawuri. Me zan duba?"

To Alhaji, Allah ya sa alheri. Ni dai wannan arahar da ta burge ka ita ce ta fara ba ni tsoro. A tsohon jirgi kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi, manyan suna ɓoye a wuri uku da ido ba ya gani in kana tsaye a jeti: inji, tankin mai, da katakon da ke lulluɓe cikin faiba. Dillali zai ce maka da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, jiragen wancan zamanin irin su Bertram 31 da ya fara fitowa a 1961 ko Hatteras an zuba musu faiba mai kauri sosai, shi ya sa har yau a Florida akwai masu neman gangar jikinsu su sabunta. Amma su masu sabuntawar sun san kuɗin gyara kan ninka kuɗin saye, sha'awa ce ta kai su, kai kuma riba ka fito nema, lissafinku ba ɗaya ba ne.

Fara da takardu, don shi ne ba ya cin ko kwabo. Duk jirgin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga Nuwamba 1972 yana da lambar gangar jiki, haruffa da lambobi 12, a bayan jirgin ta hannun dama daga sama. Ukun farko na kamfanin ne, in kuma daga 1984 zuwa sama aka yi shi, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin, don haka kai da kanka za ka gane ko shekarar da aka faɗa maka gaskiya ce. In ka ga wajen an goge ko an shafe da sabon fenti, ka gode musu ka kama hanyarka. Lambar nan dole ta zo ɗaya da ta takardar kwastan da ta rajista. Sai maganar "mai shi ya bar ƙasar", to wa zai sa hannu? Dillali ba shi da ikon sallama maka kayan wani sai da takardar wakilci, ka nemi a haɗa ka da mai jirgin ta bidiyo ka ji daga bakinsa. Ka kuma shiga ofishin jetin kai kaɗai ba tare da dillali ba ka tambayi ko ana bin jirgin kuɗin ajiya, don jirgin da ya yi shekaru a ɗaure sau da yawa bashi ne ya ɗaure shi, kuma ba za su bar ka ka kwance igiya ba sai an biya. Wani abu kuma, bayan manyan guguwa irin Ian da ta daki Florida a Satumba 2022 kamfanonin inshora kan yi gwanjon jiragen da suka nutse, kamar dai motocin ambaliya, wasu su ƙare a ƙasashen waje an wanke su fes. Ka leƙa cikin lokoki da bayan allon wayoyi, in ka ga zanen laka a miƙe a jikin bango kamar an ja layi, ruwa ya taɓa kwana a wurin.

Yanzu gangar jiki. Ba a cinikin biri a sama, jirgi sai an fito da shi tudu. Eh kai za ka biya kuɗin ɗagawa, kuma za ka ji zafinsa, amma in mai sayarwa ya ƙi yarda a ɗaga to ya riga ya ba ka amsa. In ya fito a kankare ƙasan a wanke, ka duba ƙuraje, wasu kumburi ne da ke fitowa in ruwa ya ratsa faiba, in ka fasa ɗaya wani ruwa mai warin tsami ke fita. Ƴan ƙanana jefi-jefi ba abin tada hankali ba ne, ana gyarawa, amma manya kamar tafin hannu birjik aiki ne na watanni don sai an feƙe an bar shi ya bushe, a damshin Legas kuwa bushewar ma wani aiki ce.

Babban abin shi ne katako. Mutane na ɗauka jirgin faiba ba ya ruɓa. Faibar ba ta ruɓa, amma a yawancin jiragen wancan lokacin an sa katako a cikin allon baya, da daɓen da ake takawa, da dogayen haƙarƙarin da inji ke zaune a kai, sannan aka lulluɓe. Duk inda aka huda aka ɗaura kusa ba a toshe da kyau ba ruwa na bi, shekara talatin zuwa arba'in katakon ya koma kamar dusa, daga waje kuwa yana sheƙi. Ka samu ƙaramar guduma ta roba ka bi kana ƙwanƙwasawa taku-taku, wuri mai lafiya zai ba ka ƙara mai kaifi, ƙwas ƙwas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum dum. Ka cire takalmi ka taka daɓen ko'ina, musamman gindin kujerar fatsa da bakin murafu, in yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarka an gama. Ka sa a kwance kusa ɗaya a wajen ƙafafun inji, in ta fito da baƙin ruwa ko tana juyawa ba ta kamawa, haƙarƙarin ya tafi, kuma gyaransa sai an ciro injinan duka biyu. Akwai masu binciken jirage da ke wa kamfanonin inshora aiki a Apapa, suna da na'urar auna damshi, ka ɗauki ɗaya da kuɗinka, kar ka yarda da wanda dillali zai kawo ko da kyauta ne.

Tanki kuma mutane na mantawa da shi kwata-kwata. Yana ƙarƙashin daɓe, in na alminiyom ne ruwan gishiri na cin sa daga ƙasa inda ba ka gani, ranar da ya huje sai an yanka daɓen kafin a ciro shi. Ka buɗe ƙasan jirgi ka sansana, ka taɓa ruwan da ya taru ka ga ko akwai maiƙo. Dizal da ya daɗe a ajiye kuma yakan yi wata baƙar yauƙi da ke toshe matata, ba za ta nuna a jeti ba sai igiyar ruwa ta girgiza tankin kuna tsakiyar teku, don haka ka sa kuɗin wanke tanki a lissafi tun yanzu ko da komai lafiya.

Inji. Ka ce musu kar kowa ya tayar kafin ka zo, in ka iso ka ɗora hannu a kai, in da ɗumi an riga an shirya maka shi, ka dawo wata rana da sassafe. Injin dizal mai lafiya yana kamawa nan take a sanye, ɗan farin hayaki ya ɗauke cikin ƴan mintuna. Shuɗin hayaki baƙin mai yake ƙonawa, farin da ya ƙi ɗaukewa ko nozul ne ko ruwa na shiga, baƙi in an taka kuma an fi ƙarfinsa ko iska ba ta isa. Ka zaro sandar baƙin mai, in ya yi kalar shayi da madara ruwa ya haɗu da shi. Agogon awoyi kar ka ba shi gaskiya, ana canzawa, rasit ɗin gyara ya fi shi magana. Sannan wane inji ne? In Cummins 6BT ne mai lita 5.9 da sauƙi, irinsa na cikin janareta da manyan motoci, fistin da ringi za ka samu a kasuwar kayan gyaran motoci ta Ladipo, kanikawa sun san shi. In Caterpillar 3208 ne ko tsohon Detroit Diesel, an daɗe da daina ƙera su, komai sai oda da dala, kuma ka san yadda naira ta koma tun 2023. Ko a Cummins ɗin ma ɓangaren da ya mai da shi na ruwa, wato mai sanyaya inji da ruwan teku, famfonsa, gwiwar salansa, giyabos, waɗannan ba na mota ba ne, kuma su gishiri ya fi ci. Kar ka kawo bakaniken tirela shi kaɗai, ka nemo wanda ya saba da injin jirgi.

Bayan nan sai gwaji a ruwa, ba zagaye jeti na minti goma ba. A cika mutane kamar yadda za ka ɗauki ƴan haya, a yi awa guda ana tafiya, sannan a buɗe wuta gaba ɗaya na ƴan mintuna. Akwai faranti a jikin inji da aka rubuta iyakar juyinsa, in an rubuta 2600 ya tsaya a 2200 akwai magana, ko allurar zafi ta fara hawa. Kai kuma kana ƙasa da tocila kana kallon inda sandar farfela ta ratsa jiki, ɗigo kaɗan-kaɗan daidai ne, zuba ba daidai ba. Duk famfon da ke buɗe ƙofar ruwa a ƙasan jirgi ka murɗa da hannunka, wanda ya ƙi motsi ko ya yi kore shar sai an canza, tsohuwar mesa ɗaya ta isa ta nutsar da jirgi a inda yake ɗaure. Wayoyi ma ka sani na Amurka wutar jeti mai volt 110 aka yi su, tamu 230 ce, ka duba ko an yi juyin da kyau ko wani ya yi haɗe-haɗe da salatif.

To a ce duk ya ci jarrabawa, kasuwar fa? Nan ne na fi so ka zauna da biro. Injin dizal na shan wajen lita ɗaya a awa kan kowane doki biyar da yake bayarwa. In kowanne doki 250 ne kuna tafiya madaidaiciya, ka ƙiyasta lita 60 zuwa 70 a awa su biyun. Awa biyu fita da dawowa, awa huɗu ana jan fatsa a hankali, ka doshi lita 200 a fita ɗaya, ka buga da farashin gas na yau. Ka ɗora direban jirgi mai takarda da yaronsa da za ka biya wata-wata ko an fita ko ba a fita ba, kuɗin jeti, inshora, rigunan ruwa, sandunan fatsa waɗanda su kansu ba araha ba, izinin LASWA da NIWA, wato hukumomin hanyoyin ruwa na jihar Legas da na tarayya, in kuma za ka ɗauki mutane da kuɗi ka fita bakin teku ka je NIMASA, hukumar kula da sufurin teku, ka ji abin da suke buƙata kafin ka saya, ba bayan ka saya ba. Sannan Asabar da Lahadi ba 52 za ka samu ba, daga Yuni zuwa Satumba teku na hauka ga ruwan sama, lokacin kainuwa kuma tana toshe mashigar ruwan inji. Masu jirage a Amurka kan ce ka ware kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi duk shekara don kula, amma a tsohon da aka saya da araha wannan lissafin ya yi kaɗan, don kayan gyara ba su san nawa ka saya ba.

Su wa za su hau? Masu wannan sha'awa a Legas ba su da yawa, da yawansu suna da nasu ko na abokai a kulob ɗin jirage na Ikoyi, kuma ba a Mile 12 za ka gamu da su ba. Abin da zan so ka yi, ka ɗauki hayar jirgin wani na ƴan makonni ka gwada tallata fita zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe ko fatsa, ka ga ko waya za ta yi ƙara. In ka kasa cika jirgin wani, naka ma ba zai cika ba, kuma asarar kaɗan ce.

Maganar Yawuri kuwa ka cire ta a ranka, ka yi haƙuri. Wannan jirgin teku ne, cikinsa mai zurfi, farfela da sanduna na rataye a ƙasa. Tafkin Kainji na wajen Yawuri tun da aka gama dam a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, ruwa na ja baya sosai a wasu watanni, karo ɗaya ka lanƙwasa sanda ba inda za a ɗaga maka shi a gyara. Faɗinsa ma ya wuce kwantena, sai doguwar tirela ta musamman tun daga Legas. Can kasuwar fasinja da kaya ce, abin da ke ci shi ne jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki da injin Yamaha 40 ko 75 na ratayawa wanda kowane gari akwai mai kwance shi. In can zuciyarka take, wannan kuɗin zai yi maka irin wancan har da canji, sai mu yi wannan lissafin daban.

In duk da haka kana son wannan ɗin, ka ba da ɗan kafin alƙalami a rubuce da shaidu, da sharaɗin za a dawo maka da shi in bincike ko gwajin ruwa bai gamsar da kai ba. Duk aibin da aka gano a samo farashin gyaransa daga bakin mai gyara, a rubuce, a cire daga ciniki, kuma kar ka taɓa jarin kifinka, abin da za ka iya mantawa da shi shekara guda kawai za ka sa. Ruɓaɓɓen haƙarƙari, hujajjen tanki, ko takardun da ba su haɗu ba, ɗaya daga ciki ya isa ka fasa ko an rage maka rabi. Yau dai ka ce dillali ya turo maka hoton lambar gangar jiki, farantin injinan biyu da takardar kwastan ta WhatsApp, ka turo min mu duba kafin ka kashe kuɗin ɗagawa.