Amsoshin Tambayoyinku: Warin Rima a Tsohon Gida

Anti, wata biyu ke nan da kai ni ɗakina a gidan gadon su maigidana a cikin birnin Zariya. Ginin ƙasa ne da aka yi wa filasta. Duk shara da gugar da nake yi ɗakin wari yake, har atamfofin lefena sun ɗauka. Kunya nake ji kada dangin miji su ce ni ƙazama ce. (Amarya, Zariya)

Kwantar da hankalinki ƙanwata. Wannan rima ce, kuma ta riga ki shiga gidan. Warin da kike ji na funfuna ne, ita kuwa ba ta rayuwa sai inda danshi yake, saboda haka ruwan za ki nema. Ɗaga ledar ɗaki daga kusurwa ki shafa daɓen. Jawo sif da gado ki leƙa bayansu. Idan bangon ya yi duhu daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, fenti na ɓarewa, ga wani farin gari kamar gishiri, to daga ƙasa ruwan yake hawowa. Hakan ya yi yawa a tsofaffin unguwanni, inda aka yi ta cike lungu har ya fi tsakar ɗaki tudu. In kuwa daga sama tabon ya gangaro, rufi ne ke yoyo, ko indararo ya karye yana zuba a jikin katanga. Wannan aikin maigida ne da magini, ki nuna masa ya gani da idonsa. Naki shi ne ki naɗe ledar har damina ta wuce, ki bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin kaya da bango, ki riƙa buɗe taga da ƙofa da hantsi, katifa da atamfofi su sha rana. Zuba busasshen gawayi, wanda ba a kunna ba, a kwano ki ajiye cikin sif, yana rage wari.

Wane turaren feshi na ɗaki ne ya fi daɗewa? Na gwada kala huɗu, bayan awa ɗaya warin falona ya dawo. (Magidanci, Kano)

Malam, kala huɗu, kuma har yanzu na biyar kake nema? Babu shi. Turaren feshi ba ya cire komai daga ɗaki, hancinka kawai yake ruɗawa na ɗan lokaci, funfunar tana nan bayan kujera tana yaɗuwa. Kamar wanda bai yi wanka ba ne ya shafa humra. Wannan ɓarnar kuɗi tana ci mini rai ƙwarai, domin gidaje da yawa haka ake yi: duk sati gwangwani, duk sati kwalin turaren tsinke, a shekara an ƙona abin da ya isa a sauya kwanon rufin da ke yoyo har a sallami kafinta. Ga kuma jabu. Waɗanda ake miƙo maka ta tagar mota a danja, babu sunan kamfani na kirki, babu adireshi, kai ba ka san abin da aka ɗura ba, ka je ka fesa inda 'ya'yanka ke kwana. Mai asma dama danshi da funfuna na tayar masa da ciwo, tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan haka, sai kuma a ƙara masa da feshi.

Ban hana turaren wuta ba, ni ma ina sa shi. Amma sai ɗaki ya bushe yake kama jiki. A ɗaki mai rima hayaƙin shiga labule yake ya gauraya da warin, abin ya fi na da muni. Masu rufe ƙofa da taga su bar kasko da garwashi a ciki su kwanta kuwa, ku ji tsoron Allah. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Ka sa yaro ya leƙa silin ma. A tsohon gida kashin jemage ko mushen ɓera kan taru a can, ana ta zargin kafet.

Bangon ɗakina ya yi baƙi-baƙi. In sa fentin mai in rufe? (Ɗalibi, Maraɗi)

A'a. Fentin mai kulle danshin yake a ciki, kafin wata damina ya kumbura ya ɓare, ka yi asarar fenti da ladan mai fenti. Fara toshe inda ruwa ke shigowa. In bangon siminti ne, ka wanke baƙin da ruwan Hypo da aka sirka sosai, taga a buɗe, da safar hannu da takunkumi. Kada ka kuskura ka haɗa shi da ruwan khal ko maganin wanke masai, haɗin yana tayar da iskar da ke ƙona huhu. Sannan ka jira hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bango ya bushe har ciki. Ginin ƙasa kuma yaɓe yake so. Magina na da suna amfani da makuba da laso, waɗanda ke kare ruwan sama amma su bar bango ya sha iska. Siminti a kan jar ƙasa sau da yawa riƙe ruwa yake a bayansa.

Na ga na'urar tsotse danshi a intanet, in saya? (Hajiya, Kaduna)

Tana aiki, amma sai ta yi sa'o'i a kunne a rufaffen ɗaki. In wutarku ba ta tsayawa, Hajiya, ki bar kuɗinki. A arewa ma da damina ne kawai ake buƙatarta. Fanka da buɗaɗɗiyar taga sun wadatar da yawancin ɗakuna.

Ina da ciki wata takwas. Kayan jariri da na ajiye a akwati sun yi warin rima, surukata ta ce in zuba kafur. Ina tsoro. (Mai jiran haihuwa, Gusau)

Allah ya sauke ki lafiya 'yata, kuma kin kyauta da kika tambaya. Kada ki zuba. Yawancin farin kafur ɗin nan na kasuwa sinadarin naftalin ne, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin G6PD (wani sinadari a jiki mai kare waɗannan ƙwayoyin jinin), abin da ke da yawa a Najeriya, musamman ga 'ya'ya maza. Sai a ga shawara mai tsanani ta kama yaro cikin 'yan kwanaki, idanu da jiki sun yi ɗorawa. Ba sai ya haɗiya ba, sa masa rigar da ta kwana cikin kafur ma ya isa. Mama ba da mugun nufi ta faɗa ba, haka suka taso suka gani, don haka ki lallaɓa ta, ko ki bari ma'aikaciyar awo ta yi mata bayani. Kayan kuwa ki sake wanke su da sabulu mara ƙamshi, ki shanya a rana su bushe ƙarau, ki goge da dutsen guga. Akwatin ma ki buɗe shi a rana wuni guda, sannan ki ɗora shi a kan benci, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Duk bayan sati biyu ki buɗe ki sunsuna, in kin ji alamar danshi ki sake fitar da su rana.