Amsa: Me ya sa takalman da na yi oda daga Chaina suka iso da tsada?

Malam, ka ce ka ga takalma da araha a 1688, shafin sarin kaya na Chaina a intanet, amma da suka iso Kano kuɗinsu ya kusa kamo na Sabon Gari. Matsalar tana wajen dako.

Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake caji ba, har da girman kwali. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 zai ba da kilo 20, ko da a sikeli kilo 9 ne, kuma wanda ya fi yawa za ka biya. Takalmi a cikin kwalinsa rabinsa iska ce, don haka ka sa wakilinka na birnin Guangzhou a Chaina ya cire kwalayen ya matse kayan. In suna da yawa, jirgin ruwa ya fi, sai dai ka ba shi kamar wata biyu kafin ya fito daga tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas.

Sai canji. Kana saye da yuwan, kuɗin Chaina, dako da dala, ka sayar da naira. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yanka farashi ranar oda ya sha asara. Da canjin ranar karɓar kaya ake lissafi.

Kada ka yi oda dab da sabuwar shekarar Chaina, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Masana'antu kan rufe na makonni, kuɗinka ya kwanta.