Gas ɗin girki daga gwozar sukari da kashin shanu

Malam, ka tambaya ko za a iya haɗa gwozar sukari (wata saiwa ce da ake yin sukari da ita) da aka rufe a rami har ta yi tsami da kashin shanu a samu gas, kamar yadda manoman Jamus ke yi. Ana iyawa, amma sukarinta na saurin ruɓewa, kuma idan ta yi yawa tsaminta zai kashe ƙwayoyin halittar da ke fitar da gas ɗin, shi ya sa kashin shanu ya kamata ya rinjaya, a riƙa ƙara gwozar kaɗan-kaɗan bayan an wanke yashinta. Zafin Kano ya dace da tankin da ake haɗa su a ciki, domin zafi mai digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Celsius ake so, sai dai gwozar amfanin ƙasashen sanyi ce. Ni da ragowar kayan gwari na kasuwar 'Yankaba zan fara.