Kwamfutata Tana Ɗaukewa da Tsakar Rana, Ko Furosesa Ce Ta Ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Sakkwato. Tun da bazara ta kama, fankar kwamfutar teburina take ƙara kamar injin markaɗe, aiki ya yi nauyi, da azahar kuma sai ta ɗauke ɗif. Wani ya ce furosesa ce ta ƙone, sai na sayi wata. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma wadda ta ƙone ba za ta tashi da safe ta yi maka aiki ba. Taka kare kanta take yi: idan zafi ya kusa iyaka sai ta rage gudu, abin da kake ji a matsayin nauyi ke nan, in bai sauka ba ta kashe kanta.

Fara aunawa. Sauke manhajar auna zafi, HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne. Idan ba ka aikin komai, digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyas lafiya lau. Da aiki mai nauyi, 70 zuwa 80 ba abin tashin hankali ba ne. Yawancin furosesocin Intel iyakarsu 100 ce, yawancin Ryzen 7000 na AMD kuwa an ƙera su su kai 95. Amma in ka ga 90 alhali wasiƙa kawai kake bugawa, akwai matsala.

Zargina na farko ƙurar hunturun da ya wuce. Cire wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka leƙa ƙarƙashin fankar. Za ka ga ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyayawa kamar audugar katifa. Fita da kwamfutar waje ka busa da bulowa, amma ka danne fankar da yatsa, don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ka kuma taɓa ƙusoshin roba huɗu da ke riƙe da fankar in irin ta Intel ce; ɗaya kawai ta saki, ƙarfen ya daina zama daidai a kan furosesa.

Sai man nan mai ruwan toka da ke tsakanin ƙarfen da furosesa. In kwamfutar 'yar kwatano ce, da wuya a ce an taɓa canza shi, ya bushe ya zama kamar alli. Goge shi da sifirit da ƙyalle mai tsabta, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Kada ka lafta, kuma don Allah ban da man goge baki, na san masu yi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, fanka da iskar ɗaki take sanyaya furosesa. A watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura 40, iska mai zafi take zuƙa. Saboda haka ɗauke kwamfutar daga ƙasa, janye ta daga jikin bango da kamar taƙi guda, ka yaye ledar da ake lulluɓa mata muddin tana kunne. Masu cire murfi su haska mata fankar tsaye suna samun sauƙi, sai dai ƙura ta samu ƙofa.

In ka yi duk wannan tana nan a 90, fankar ce ta gaji. Ita za ka canza, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na furosesa ba.